Tsoron Allah da Godiya a Makonnin Jiran Kirsimeti

Wata 'yar'uwa, wadda take cikin shugabannin Zumuntar Mata a ikilisiyarsu, ta aiko mini da tambaya. An ɗora mata jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti, an kuma ba ta kan magana, wato tsoron Allah da godiya. Ta ce ita kam ba ta ga abin da ya haɗa biyun ba, domin a ganinta mai tsoro ja da baya yake yi, mai godiya kuwa matsowa yake yi. Ta ƙara da cewa a cikin matan da za ta tsaya a gabansu akwai wadda ta binne mijinta a daminar nan, akwai kuma waɗanda gonarsu ba ta yi ba bana, saboda haka tana jin nauyin buɗe baki ta ce musu su gode. Daga ƙarshe ta tambaya ko wannan lokaci da wasu ke kira Adbent yana cikin Littafi Mai Tsarki, ko kuwa al'adar Turawa ce kawai aka kawo mana.

'Yar'uwata a cikin Almasihu, bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce mai sauƙi. Babu wata aya da ta umarce mu mu keɓe makonni huɗu kafin Kirsimeti, kamar yadda babu ayar da ta faɗi ranar da aka haifi Ubangijinmu. Tsari ne da ikilisiya ta yi wa kanta. Kalmar ta fito daga harshen Latin, ma'anarta kuwa zuwa ko isowa. Shaida mafi daɗewa da ke nuna ana bikin haihuwar Yesu ranar 25 ga Disamba ta fito daga birnin Roma, tana komawa zuwa shekarar 336. A shekarar 380 wani taron shugabannin ikilisiya a Saragosa ta ƙasar Sifen ya bukaci masu bi kada su ƙaurace wa sujada daga 17 ga Disamba har zuwa 6 ga Janairu. Wajen ƙarshen ƙarni na 5, Bishop Perpetuus na birnin Tur a Faransa ya tsara azumin kwana uku a kowane mako daga 11 ga Nuwamba zuwa Kirsimeti. Daga baya aka daidaita a kan Lahadi huɗu, ta farko tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Amma kada ki ɗauka abin na Turawa ne su kaɗai. 'Yan'uwanmu Kibɗawa na Masar da Kiristocin Habasha, waɗanda ikilisiyoyinsu suka girmi yawancin na Turai, suna azumin kwana 43 daga 25 ga Nuwamba kafin su yi bikinsu ranar 7 ga Janairu. A nan ƙasarmu Katolika da Angilikan da Lutaran suna bin wannan kalanda sosai, wasu ikilisiyoyin kuwa ba sa ambatonta ko da suna. Manzo Bulus ya riga ya raba wannan gardama a Romawa 14:5-6, inda ya ce mai kiyaye wata rana saboda Ubangiji yake kiyaye ta, mai ci yana ci saboda Ubangiji yana gode wa Allah, wanda ya ƙi ci ma saboda Ubangiji ne, shi ma yana gode wa Allah. Ni dai ina ganin amfanin keɓe lokacin, domin abin da ba a shirya masa ba yakan zo ya wuce ba a san ya zo ba, Kirsimeti kuwa ta sha yi mana haka.

Yanzu sai babbar tambayar. Kin yi gaskiya da kika ce mai tsoro ja da baya yake yi, amma tsoro iri biyu ne a cikin Littafi Mai Tsarki, kuma akwai aya guda da ta haɗa su a numfashi ɗaya. A Fitowa 20:20, bayan jama'a sun ga walƙiya da hayaƙi a Dutsen Sina'i sun tsaya daga nesa suna rawar jiki, Musa ya ce musu kada su ji tsoro, gama Allah ya zo ne ya gwada su, domin tsoronsa ya zauna a gabansu, kada su yi zunubi. Dubi yadda ya hana su tsoro domin ya koya musu tsoro. Na farko firgici ne, irin wanda ya sa Adamu ya ɓuya a cikin itatuwan gona. Na biyu kuwa Hausa tana da kalmarsa mai kyau, wato kwarjini. Duk wanda ya taɓa shiga fada ya tuɓe takalmansa tun daga zaure, ya tarar da sarki zaune, ya ji maganar da ya shirya tun daga gida ta ɓace masa, ya san abin da nake nufi. Ba gudu yake so ya yi ba, hasali ma ya yi doguwar tafiya ne domin ya isa wurin. Abin da ya same shi shi ne ya ga girman wanda yake gabansa, ya kuma ga ƙanƙantar kansa a lokaci guda. Haka ya sami Yakubu a Betel da ya farka ya ce lalle Ubangiji yana wurin nan, shi kuwa bai sani ba. Haka ya sami Ishaya a Haikali da ya ce kaitonsa, shi mai ƙazamin baki ne. Haka kuma ya sami Bitrus a cikin jirgi da ya ga tarunan sun cika har suna tsagewa, ya faɗi a gwiwoyin Yesu yana cewa ya rabu da shi domin shi mai zunubi ne, amma da suka iso gaci sai ya bar kome ya bi shi.

Labarin haihuwar Almasihu cike yake da wannan. Sau huɗu mala'ika ya ce kada a ji tsoro: ga Zakariya a Luka 1:13, ga Maryamu a Luka 1:30, ga Yusufu a Matiyu 1:20, da kuma ga makiyaya a Luka 2:10. Duk da haka, Maryamun da aka ce kada ta ji tsoro ita ce ta rera cewa jinƙansa yana kan masu tsoronsa daga tsara zuwa tsara. An cire mata firgici, an bar mata kwarjinin Allah, kuma daga cikin wannan kwarjini ne waƙar godiyarta ta ɓuɓɓugo.

Abin da nake so ki riƙe, wanda kuma nake ganin shi ne ginshiƙin nazarinku na makonni huɗu, shi ne cewa godiyar da ba ta tsiro daga kwarjinin Allah ba takan zama lissafi, lissafi kuwa yana rushewa a shekarar da ba a samu ba. Mu mutane ne masu godiya a baki, wannan kuwa abu ne mai kyau da muka gada. A tambaye mu aiki mu ce da godiya, a tambaye mu gida mu ce mun gode Allah, ko marar lafiya a kan gado aka gaishe shi zai ce da sauƙi, sai godiya. Sai dai kalmar da ake faɗa sau ashirin a yini takan lalace kamar tsohon kwabon da hannu ya goge rubutunsa. Idan kuma muka zo godiya ta musamman, kamar bikin godiyar kaka da ikilisiyoyinmu ke yi a waɗannan watanni, inda ake shigowa da dammunan dawa da buhunan masara da doya da kaji ana waƙa, sau da yawa abin da ke zuciyarmu ƙidaya ce: bana na sami buhu kaza, yaro ya ci jarrabawa, an biya albashi, ba wanda ya kwanta asibiti. Ba na raina wannan ko kaɗan, domin Maimaitawar Shari'a 26 ta umarci manomi ya kawo nunan fari a kwando gaban bagade, sura ta 8 kuma ta ce idan ka ci ka ƙoshi ka yabi Ubangiji Allahnka. Amma idan iyakar godiyarmu ke nan, to, matar da rumbunta ya tashi wayam ba ta da abin faɗa, kuma nauyin da kike ji a gabanta daidai ne.

Marubucin Ibraniyawa ya ɗaura godiya a wani turke dabam. A 12:28-29 ya ce tun da yake muna karɓar mulkin da ba ya girgizuwa, sai mu yi godiya, ta haka mu yi wa Allah sujada abar karɓa, da ladabi da tsoro, gama Allahnmu wuta ne mai cinyewa. Ga godiya, ga tsoro, a jimla guda, kuma dalilin godiyar shi ne abin da ba ya girgizuwa. Mutanen da aka rubuta wa wannan wasiƙa ba masu jin daɗi ba ne, domin sura ta 10 ta faɗa cewa an wulakanta su a fili, an kuma ƙwace musu dukiya. Bulus ma, da yake bayyana inda ɗan adam ya fara ɓata a Romawa 1:21, abu biyu ya ambata tare: ba su ɗaukaka shi a matsayin Allah ba, ba su kuma gode masa ba. Idan ɗaya ya tafi, ɗayan ba ya daɗewa.

Domin ki ga yadda abin yake aiki a zuciyar mutum, ina ba ki shawara ki daɗe a kan surar farko ta Luka, musamman a kan tsofaffin nan biyu, Zakariya da Alisabatu, waɗanda muke yawan tsallakewa muna gaggawar isa Baitalami.

Zakariya firist ne na ƙungiyar Abiya, ta takwas a cikin ƙungiyoyi 24 da aka lissafa a 1 Tarihi 24. Firistoci sun yi yawa ƙwarai a zamaninsa, har ƙuri'a ake jefawa a san wanda zai shiga Wuri Mai Tsarki ya ƙona turare, kuma bisa al'adar Yahudawa wanda ƙuri'ar ta taɓa faɗa wa ba ya sake shiga cikinta. Ke nan ranar da Luka ya ba da labarinta ita ce ranar da ya yi ta jira dukan rayuwarsa. Mutum ne adali, Luka da kansa ya shaida haka. Amma da Jibra'ilu ya tsaya a dama da bagaden turare ya gaya masa an ji addu'arsa, matarsa za ta haifa masa ɗa, sai ya nemi shaida, ya kawo hujjar tsufansa da na matarsa. Ni ban ɗauki Zakariya a matsayin marar bangaskiya irin na kan titi ba. Ina ganinsa kamar yawancinmu da muka daɗe a aikin ikilisiya, waɗanda muka saba da abubuwa masu tsarki har muka daina sa ran Allah zai motsa. Hausawa suka ce sabo turken wawa, kuma babu inda sabo ya fi haɗari kamar a gaban bagade. Mutum zai iya rera waƙoƙin Kirsimeti shekara arba'in, ya san kowane baiti da ka, amma maganar cewa Mahaliccin sama da ƙasa ya kwanta a komin dabbobi ta daina sa gabansa faɗuwa.

Maganin da Allah ya ba shi shi ne shiru. An rufe bakinsa na tsawon wata tara da ɗoriya. Muna kiran wannan horo, haka ne kuwa, amma horo ne irin na uba, domin dubi abin da ya fito daga bakin ranar da aka buɗe shi. Mutumin da ya tambaya ta yaya zai tabbata, shi ne ya buɗe baki da cewa albarka ta tabbata ga Ubangiji Allah na Isra'ila, gama ya ziyarci jama'arsa ya fanshe su. A lura kuma, a cikin waƙar tasa mai ayoyi 12, daga 68 zuwa 79, bai juya ga jaririn da ke gabansa ba sai a aya ta 76. Tsoho wanda ya sami ɗa bayan an fid da rai, da godiyarsa lissafi ce, da ɗan zai fara ambata ya kuma ƙare da shi. Amma watannin shirun sun faɗaɗa idonsa, har ya ga cewa kyautar da ta shigo gidansa ƙaramin sashe ce ta wata babbar ziyara.

Alisabatu kuwa ita ce ta furta jimlar da nake ganin ta fi kowace bayyana haɗuwar tsoro da godiya. Da Maryamu ta shigo gidanta a ƙasar tuddai ta Yahudiya ta gaishe ta, sai ta ɗaga murya ta ce, ƙaƙa aka yi uwar Ubangijina ta zo wurina? Wannan tambaya ba ta neman amsa. Irin maganar da talaka zai yi ce idan ya leƙo daga bukkarsa ya ga sarki ya sauka daga doki a ƙofar gidansa, ba tare da ya aika kira ba, ba kuma don ya zo karɓar haraji ba. A al'adarmu talaka ne ke zuwa fada, shi ke tuɓe takalmi, shi ke faɗuwa gaisuwa. Abin da muke jira a waɗannan makonni shi ne labarin da ya juya wannan tsari, inda Mai fada ya taso ya zo da kansa, ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya ɗauki surar bawa kamar yadda Filibiyawa 2:6-8 ta faɗa. Wanda bai san girman Sarkin ba, ba zai yi mamakin saukowarsa ba, wanda kuma bai yi mamaki ba, godiyarsa ba za ta wuce ta baki ba. Shi ya sa tsoron Allah yake gaba. Mai Zabura ya tambaya a 116:12, me zai sāka wa Ubangiji saboda dukan alherinsa, amsar da ya samu kuwa ita ce ya ɗaga ƙoƙon ceto ya kira sunan Ubangiji. Mun san cewa yaba kyauta tukwici, to, ga kyautar da babu wani tukwicin da ya kai ta sai yabon kansa.

Sai batun matan da kike jin nauyinsu, wanda shi ne ya fi taɓa ni a cikin wasiƙarki. Ina roƙonki kada ki ce wa gwauruwar nan ta gode saboda mutuwar mijinta. Ayar da ake yawan jefa wa masu makoki, 1 Tasalonikawa 5:18, cewa ta yi a yi godiya a cikin kowane hali, ba ta ce kowane hali abin godiya ne ba. Mutuwa abokiyar gaba ce, haka 1 Korintiyawa 15:26 ta kira ta, Yesu kuma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Kada kuma ki bari hasken fitilu da sababbin zannuwa su sa ta ji kamar lokacin nan ba nata ba ne. Labarin da muke tunawa yana da hawaye a cikinsa tun daga tushe. Tsoho Saminu, yana riƙe da jaririn a Haikali yana yabon Allah, ya juya ya gaya wa Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta. Hannatu, wadda ta fito tana gode wa Allah a wannan sa'a, gwauruwa ce da ta zauna da miji shekara 7 kacal. Matiyu 2 kuma bai ɓoye mana kukan iyaye mata na Baitalami ba bayan Hirudus ya aika a kashe 'ya'yansu. Mu a arewacin Nijeriya ba sai an fassara mana wannan ba, domin akwai iyalan da Kirsimeti take tuna musu da harin cocin Katolika na Madalla a ranar 25 ga Disamba 2011, akwai kuma waɗanda take tuna musu da abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023. Almasihu ya shigo irin wannan duniya ce da idonsa buɗe, kuma a gare ni wannan ne ya fi kome ban tsoro da ban godiya a cikin labarin.

Annabi Habakuk ya bar wa masu rumbun da ba kome kalmomin da za su iya faɗa ba tare da sun yi ƙarya ba. A 3:17-18 ya lissafa asarar ɗaya bayan ɗaya, ɓaure bai yi toho ba, inabi bai yi 'ya'ya ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare, sa'an nan ya ce duk da haka zai yi farin ciki da Allah Mai Cetonsa. Mutane da yawa suna karanta waɗannan ayoyi su manta da aya ta 16 da ke gabansu, inda ya ce ya ji, cikinsa ya kaɗa, leɓunansa suka yi rawa. Rawar jikin ce ta riga farin cikin. Idan kika karanta musu wannan, ki fara daga aya ta 16, ki kuma karanta lissafin asarar a hankali, domin matar da gonarta ba ta yi ba ta ji cewa Littafi Mai Tsarki ya san halin da take ciki kafin ya nemi wani abu daga gare ta.

Game da yadda za ku tafiyar da makonnin, ba ni da dogon tsari. Bisharar Luka tana da sura 24, saboda haka wanda ya fara ranar 1 ga Disamba yana karanta sura guda kowace rana zai gama a jajibirin Kirsimeti, ya isa komin dabbobin yana sane da gicciye da tashin matattu da ke gaban jaririn. Ina kuma ba da shawarar a koyi kaɗan daga shirun Zakariya. Taronmu yana da yawan waƙa da ganga, ina kuwa ƙaunarsu, amma kwarjini ba ya shiga zuciyar da ba ta taɓa tsayawa ba. Sanyin asubar hunturu, kafin gida ya tashi, lokaci ne mai kyau na zama minti goma da aya guda ba tare da roƙon kome ba. Godiyar kuma a ba ta ƙafafu. A cikin kutare goma da aka warkar a Luka 17, abin da ya bambanta Basamariyen nan shi ne ya komo, ya faɗi rubda ciki a gaban Yesu. Duk wadda take da wani da ya yi mata alheri a shekarar nan ba ta koma ta gode ba, ta taka ta je kafin ranar biki. Nehemiya 8:10 kuma ta ce a ranar murna a aika da rabo ga wanda ba a shirya masa kome ba. Mun saba aika shinkafa da nama ga maƙwabta, har da 'yan'uwanmu Musulmi waɗanda su ma suke aiko mana a lokacin Sallah, al'ada ce kuwa da ya kamata a riƙe. Abin da zan ƙara shi ne a fara cika kwanon gwauruwar nan da na masu gonar da ba ta yi ba kafin na waɗanda za su iya ramawa, ko da hakan zai sa a haƙura da ankon bana, domin cin bashi saboda zane a watan Disamba ya jefa gidaje da yawa cikin ƙunci a watan Janairu.

A zamanku na farko, da ni ne, ba zan fara da bayani ba. Zan sa wata ta karanta Luka 1:39-45 sau biyu da murya a hankali, sa'an nan in roƙi kowa ta yi shiru na ɗan lokaci tana juya tambayar Alisabatu a zuciyarta. Bayan haka wadda take da abin faɗa ta faɗa. Idan gwauruwar ta yi magana, ku saurare ta har ta gama ba tare da kowa ta gyara mata ba, idan kuwa ba ta ce kome ba, ki zauna kusa da ita, ki kuma raka ta gida bayan an tashi.